Raba sito da kanti: wa ya taɓa amfani da CMS marar kai a kasuwancinsa?

Ɗan Kwari

Assalamu alaikum jama'a. Shawarar waɗanda suka taɓa nake nema, ba ta waɗanda suka ji labari ba.

Muna sayar da shadda, atamfa da leshi a Kantin Kwari. Ni ke riƙe da ɓangaren intanet, domin Alhajinmu ko WhatsApp sai an buɗe masa. Tun 2019 shafinmu yana kan WordPress, manhajar da ake gina shafi da ita, da WooCommerce mai kula da ɓangaren sayayya. Yana aiki, sai dai ya yi nauyi, hoton shadda ɗaya sai mutum ya gaji da jira. Yanzu kuma Alhaji yana so a yi manhajar waya saboda dilolinmu na waje, a kuma maƙala talabijin a shago tana nuna sababbin kaya.

Ɗan yayata ne ke mana aikin kwamfuta. Ya ce mu bar WordPress mu koma CMS marar kai (CMS ita ce manhajar da ake shigar da rubutu da hotunan shafi), ya jero min Strapi, Sanity da Contentful. Na ce masa saboda me? Ya ce, "Kawu, shi ake yayi." Wannan amsar ce ta hana ni sakin kuɗi. Yayi na sani a harkar atamfa, kuma na san yadda yake barin mutum da kaya a sito. Wanda ya taɓa saka kuɗinsa a wannan abu ya faɗa min yadda ta kaya.

Injiniya daga Kaduna

Wa alaikumus salam Malam. Tunda ɗan kasuwa ne kai, bari in yi maka da yarenku.

WordPress ɗin da kake kai shago ne da sitonsa a gini ɗaya. Inda kake ajiye kaya da inda mai saye yake gani duk a haɗe suke, makulli ɗaya. CMS marar kai kuwa sito ne zalla. Akwai kantoci, akwai littafin shigar da kaya, amma ba shi da gaban shago ko kaɗan. Sai ka gina shagunanka daban, shafin intanet, manhajar waya, talabijin ɗin Alhaji, kowanne ya riƙa aiko yaro yana ɗaukar kaya daga sito ɗaya. Wannan yaron aiken shi ne API. Kai ɗin da aka ce an cire shi ne gaban shagon.

Iri biyu ne. Akwai na haya, wanda kamfani ke riƙe da komai a sabarsa, wato kwamfutar da ake ajiye shafi a kanta, kana biya duk wata: Contentful na Berlin, Sanity na Norway, Storyblok na Ostiriya. Akwai kuma wanda za ka iya ɗauka ka ɗora a kan sabarka: Strapi da aka ƙirƙira a Faransa, Directus, da Payload wanda kamfanin Figma ya saya a 2025. Na farkon babu ruwanka da gyara, amma dala kake biya. Na biyun manhajar ba a sayar maka, amma duk daren da ta faɗi, taka ce.

Abin da yaran nan ba sa faɗa da wuri shi ne gaban shagon ba ya zuwa a shirye. Sai an zauna an rubuta shi da hannu, da kayan aikin gina shafi irin su Next.js ko Astro ko Nuxt. Kuma CMS ba shagon sayayya ba ne. Kwandon saye, lissafin yawan yadin da ya rage, haɗa Paystack ko Flutterwave, rasit, duk abubuwan da WooCommerce ke maka yanzu ba tare da ka lura ba, sai an sake gina su ko an haɗo wani tsarin daban. Ka tambayi ɗan yayar taka ko ya saka wannan a lissafinsa.

Na yi wa mutane bakwai irin wannan aiki. Uku sun ji daɗi. Sauran da na san abin da na sani yanzu, da na bar su inda suke.

Mai turare, Abuja

Ni dai gemuna ya riga ya kama da wuta, ku shafa wa naku ruwa.

Turaren wuta da humra nake sayarwa. Wani yaro mai hazaƙa ya gina min shafi a kan irin wanda ake ɗorawa a sabar mutum. Gaskiya ya yi kyau, yana buɗewa kamar ƙiftawar ido, har ƙawayena suna tambayar wa ya yi min. Ina shiga da kaina in saka sabon turare, in sa hoto, in sa farashi. Wata takwas ban ga matsala ba.

Sai ya samu karatu a Ingila ya tafi. Azumi ya zo, ina so in canza babban hoton da ke gaban shafi in sa na rangwamen Sallah. Na duba ko'ina babu wurin canzawa. Ashe wannan hoton a cikin rubutun manhajar ya dasa shi, ba a cikin inda nake shiga ba. Na kira, ya ce yana jarrabawa. Na ba wani aikin, ya ce sai an ba shi izinin shiga inda aka ajiye rubutun, ni kuwa ko sunan wurin ban sani ba. Haka aka yi Sallah shafina yana ta yi wa mutane barka da sabuwar shekara.

Wannan ma wasa ne. Asusun sabar da imel ɗinsa aka buɗe, katinsa ne a ciki, ni ina tura masa kuɗi yana biya. Katin ya daina aiki, saƙonnin gargaɗi suna ta shiga imel ɗin da ya daina dubawa. Wata safiya bayan sallar asuba na buɗe shafi, fari fat. Babu kwafin ajiya ko ɗaya. Kaya sama da 200, kowanne da bayaninsa da na zauna na rubuta da kaina, wane da sandal, wane da hawi, wane na amare. Hotunan da ke wayata kawai na tsira da su.

Ba na zargin yaron da mugunta, kuma ba laifin manhajar ba ne. Ni ce ban san abin da zan tambaya ba. Malam Ɗan Kwari, ko da ɗan cikinka ne zai yi aikin, sunan shafi da saba da wurin ajiyar rubutun duk a buɗe su da imel ɗin kasuwancinku.

Injiniya daga Kaduna

Hajiya, sannu. Abin hoton nan na gani ba sau ɗaya ba. A CMS marar kai, duk abin da ba a yanka masa gurbi tun farko ba, mai shago ba zai iya taɓa shi ba. Shi ya sa zaman farko ba na kwamfuta ba ne, na takarda da biro ne: me da me za ku so canzawa da kanku a shekara? Hoton gaba, lambar waya, sanarwar rufe shago ranar Sallah, kuɗin aika kaya. A rubuta duka.

Akanta a Kano

Ni ta ɓangaren kuɗi zan shigo, domin ni ke sa hannu a biyan irin waɗannan a kamfanin da nake aiki.

Mun shiga ɗaya daga cikin na hayar a farkon 2023, ba zan kama suna ba. A ce dala 100 a wata don sauƙin lissafi. Lokacin dala tana wajen naira 750 a Wapa, wato 75,000. Watan Yuni na shekarar aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, kafin Fabrairun 2024 dala ta haura 1,500. Kamfanin bai ƙara mana ko sisi ba, amma abin da muke biya ya ninka. Ga shi a lokacin katin naira ba ya biyan kuɗin waje, sai mun bi ta asusun dala ko katin dala na manhaja, kowanne da cajinsa.

Abu na biyu, ku karanta yadda suke ƙidaya. Yawancinsu suna da matakin kyauta, kuma yana isar ƙaramin kasuwanci da farko. Amma iyakar tana kan abubuwa daban-daban: wani yawan ma'aikatan da ke shiga yake ƙirgawa, wani yawan bayanan da aka saka, wani yawan harsuna, wani kuma sau nawa aka kira API ko nauyin hotunan da aka sauke. Mu a kan ma'aikata muka tsallake. Muna so mai saka kaya ya iya rubutawa amma kada ya iya wallafawa sai manaja ya duba, sai muka tarar irin wannan rabon iko yana mataki na sama. Tsakanin matakin da muke da na saman ba tsani ba ne, katanga ce.

Ku masu atamfa hotuna ne za su ci ku. Kowane zane kala shida, kowace kala hoto uku. Ku yi lissafin nan tun yanzu.

Kuma kada a ruɗe ku da cewa na ɗorawa a saba kyauta ne. Kuɗin saba yana nan, da na wurin ajiye hotuna, da na wanda zai riƙa sabunta shi. Har gaban shagon ma, Vercel, kamfanin da yaran nan ke son ɗora shi a kai, suna da matakin kyauta, amma sharaɗinsa ba na kasuwanci ba ne. In kuna sayar da kaya, sai na biya.

Na Maraɗi

Salamu alaikum. Mu aya da riɗi muke fitarwa, masu sayenmu wasu Faransanci suke ji, wasu Ingilishi, manoman da muke saye a hannunsu kuma Hausa. Harsuna ukun nan ne suka kai mu ga CMS marar kai, kuma a nan kam ya biya mu. Kaya ɗaya ne, gurbin suna da bayani kashi uku, farashi da hoto kuwa ɗaya. In na canza hoton buhun aya, ya canzu a duka ukun. A da shafi uku muke bi ɗaya bayan ɗaya, kullum sai an manta da na Hausa.

Amma ga abin da nake so ku gwada kafin ku biya kowa. Ku rubuta kalmomi masu ƙugiya ku ga yadda za su fito. A gwajinmu na farko na saka "ɗanyen riɗi", sai adireshin shafin ya fito "anyen-rii". Tsarin da ke ƙera adireshi bai san ɗ ba, sai kawai ya zubar da ita. Sai da mai aikinmu ya rubuta ƙa'ida cewa a adireshi ɗ ta koma d, ƙ ta koma k, ɓ ta koma b. Bayan nan salon haruffan da aka zaɓa don ado ba shi da ƙ, sai ta riƙa fitowa da wani salo daban a tsakiyar kalma kamar baƙuwa a gidan biki.

Sai bincike. Mu a Nijar ƴ muke rubutawa, ku a Najeriya 'y. Mai saye kuma a wayarsa ba ya wahalar da kansa, "ridi" zai buga, ba "riɗi" ba. In akwatin bincikenku bai ɗauke su abu ɗaya ba, zai ce masa babu, alhali kaya na nan jibge. Wannan ba CMS ke gyara shi ba, mai gina gaban shago ne, amma sai kun faɗa masa.

Mai taki da iri, Zariya

Kada a tsorata Malam da yawa, bari a ji na wanda ya ci riba.

Muna sayar da taki, iri da maganin feshi, muna da wakilai a ƙauyuka. Farashin taki a damina ba ya kwana biyu a wuri ɗaya. A da in ya canza, sai na gyara a shafi, in kira mai manhaja ya gyara, in tura wa wakilai saƙo, wani ya gani wani bai gani ba. An sha yin rigima, manomi ya zo da farashin da ya gani a waya, wakili yana riƙe da wani.

Muna da rumbun bayananmu na PostgreSQL tun da, wanda muke lissafin kaya da shi. Shi ya sa muka ɗauki Directus, domin shi a kan rumbun da kake da shi yake zama, ba sai ka kwashe ka zuba a wani sabo ba. A 2023 sun sauya lasisinsu, kyauta ga kamfanin da kuɗin shigarsa bai kai dala miliyan 5 a shekara ba, mu kuwa ina muka ga wannan. Duk da haka ku karanta sharuɗɗan da ke nan a ranar da za ku shiga. Yanzu yarinyar ofis tana canza farashin buhun yuriya sau ɗaya, ya bayyana a shafi, a manhajar wakilai, da cikin saƙon tes da ke fita da safe.

Tuntuɓe ɗaya muka yi. Shafin namu irin wanda ake ginawa a ajiye ne, shi ya sa yake da sauri ko a inda sabis ke da rauni. To amma in an canza abu a sito, sai an sake gina shafin kafin ya nuna. Abin da ke tayar da ginin ya tsaya ba mu sani ba, kwana biyu shafi yana nuna tsohon farashi. Wani dila ya turo kuɗin buhu 40 a kan tsohon. Muka cika masa, domin laifinmu ne. Daga ranar aka mayar da farashi ana ɗauko shi kai tsaye duk lokacin da aka buɗe shafi, sauran bayanai kuma suna nan a ajiye.

Bambancina da Hajiya ba wayo ba ne. Muna da ma'aikacin kwamfuta da ke kan albashi, yana zuwa ofis kullum. Ba don haka ba da ban shiga ba.

'Yar jarida

Kowa yana maganar mai gini da mai biya, ba wanda ya tambayi mai shigar da kaya. Ni na yi shekara biyu ina wallafa labarai a irin wannan tsari, kuma watannin farko kuka kawai ban yi ba. A WordPress ina rubutu ina danna maɓalli in ga yadda zai fito. A sabon kuwa gurabe ne kawai kamar fom ɗin banki: take nan, hoto nan, rubutu nan. Sai na wallafa sannan in ga take ya yi tsawo ya hau kan hoto. Leƙawa kafin a wallafa ba ta zuwa da kanta, ita ma sai an gina ta, kuma ita ake bari ƙarshe in kuɗi ya ƙare.

Daga baya na taɓa Storyblok a wani aiki, shi yana nuna maka shafin a gefe kana gyarawa kana gani. Sanity kuma mutum biyu suna iya aiki a kan rubutu ɗaya lokaci guda, kuma ana iya tsara wurin aikin yadda ya dace da ku, in akwai mai tsarawa.

Malam, wa zai riƙa saka atamfofin nan? In yaron shago ne da waya a hannu, a tsaye, ana kiransa ga mai saye, to shi za a ba gwajin, ba ɗan yayarka ba.

Injiniya daga Kaduna

Tunda kowa ya faɗi nasa, bari in faɗi kuskurena. Na taɓa ajiye odar masu saye a cikin CMS ɗin wani shago, suna da lambar waya da unguwa, na kuma bar izinin karantawa a buɗe lokacin gwaji na manta ban rufe ba. Mako uku duk wanda ya san adireshin API ɗin zai iya ganin komai. Ni na gano da kaina, gumi ya karyo min a cikin sanyin Disamba. Ga dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a 2023, ba abin wasa ba ne yanzu. Bayanin kaya daban, bayanin mutane daban.

Sannan Malam Ɗan Kwari, akwai hanyar da ba a faɗa maka ba. WordPress ɗin da kake kai yana da API a cikinsa tun fitowar 4.7 a Disambar 2016, WooCommerce ma yana da nasa. Manhajar waya da talabijin ɗin shago za su iya ɗaukar kaya daga shafin da kuke da shi yanzu, ba tare da an rushe komai ba. Nauyin da kake kuka da shi kuma, ina kyautata zaton hotuna ne ake ɗorawa yadda suka fito daga kyamara, da tarin fulogin, wato ƙananan manhajojin da ake maƙala wa WordPress, da ba a amfani da su. A rage girman hotuna, a mayar da su WebP, nau'in hoto marar nauyi, a sa Cloudflare mai hanzarta buɗe shafi a gaba, ka ga ko ba za ka ji bambanci ba.

Mai taki da iri, Zariya

Injiniya, wannan hanyar tana yi, amma a faɗa masa iyakarta. In dilolinsa suka yi yawa, kowa da farashinsa na sari, ga naira ga sefa, zai fara jin WordPress yana nishi. A lokacin ne zai koma neman abin da ya gudu yau.

Injiniya daga Kaduna

Haka ne Alhaji. Amma a lokacin zai san ainihin abin da yake buƙata, da kuɗin dilolin a hannunsa.

Ɗan Kwari

Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya saka da alheri. Na yi shiru kwana tara ne saboda na bi maganar 'yar'uwa 'yar jarida.

Na sa ɗan yayata ya buɗe Strapi da Sanity na gwaji, muka ba yaron shagonmu zane 20 ya saka a kowanne da wayarsa, a cikin shago, ranar Litinin da kasuwa ke cike. Ya iya duka biyun, ban raina masa ba. Amma da ya zo kan shadda mai kala takwas sai ya tsaya, domin ba a yi gurbin kala ba, sai ya riƙa saka kowace kala a matsayin kaya daban. Nan na gane maganar takarda da biro. Na kuma tambayi ɗan yayar tawa kwandon saye da biyan kuɗi, ya sosa ƙeya ya ce wannan sai an ƙara wata biyu.

Hotunanmu kuwa Injiniya ya canka. Akwai na leshi ɗaya da ya kai megabayit 9. An rage su, an cire fulogin 14, shafin yanzu yana buɗewa kafin in gama gyara zama.

Abin da muka tsayar: WordPress yana nan, manhajar dilolin za ta ɗauki kaya daga gare shi, mu ga yadda za ta kaya zuwa bayan Babbar Sallah. In farashin sari da sefa suka fi ƙarfinsa, za mu dawo kan maganar Alhaji na Zariya. Talabijin kuma an riga an maƙala, filashi aka soka mata tana ta juya hotuna, Alhaji ya ce shi dama abin da yake nufi ke nan.

Hajiya, na duba maganarki. Sunan shafinmu ashe da imel ɗin wanda ya fara gina mana a 2019 aka yi rajistarsa, kuma watan gobe yake ƙarewa. Na samu lambarsa, ya ce in same shi gobe bayan la'asar. In akwai wanda ya taɓa mayar da rajistar suna daga hannun wani zuwa nasa, ya faɗa min abin da zan tafi da shi.